Space Invaders: Wasan da Aka Ce Ya Ƙarar da Sulallan Japan

Wani mai karatu daga Kawo ya aiko yana tambaya ko Space Impact, wasan jirgin nan mai harbi na wayar Nokia 3310, shi ne farkon irinsa. Ina! Lokacin da GSM ta shigo Najeriya a 2001, samarin Kaduna suka fara cinye cajin wayar iyayensu da harbin dodanni, kakan wasan, wato Space Invaders, ya riga ya shekara 23 a duniya.

Kamfanin Taito na Japan ne ya fitar da Space Invaders a 1978, kuma injiniya guda, Tomohiro Nishikado, shi ya tsara wasan, har na'urar da kansa ya harhaɗa. Dodanni 55 a sahu biyar suna gangarowa, kai kana ƙasa da bindiga ɗaya, kana laɓewa bayan garkuwa huɗu da harsashi ke gutsira. Na'urar ba ta da ƙarfin motsa su duka da sauri, sai ya zama duk wanda ka kakkaɓe nauyi ya ragu, sauran su ƙara gudu. Nishikado ya ga haka, ya ƙi gyarawa. Dodon ƙarshe kuwa gudu yake kamar an taka masa wutsiya, kiɗan wasan ma yana ƙara sauri tare da shi.

Inda ake taƙaddama shi ne batun kuɗi. An daɗe ana rubuta cewa wasan ya haukata Japanawa har sulallan yen 100 da ake jefawa a akwatin wasan suka yi ƙaranci, gwamnati ta ƙara buga wasu. Labari ne mai daɗi a baki, shi ya sa ya ƙi mutuwa. Amma waɗanda suka bi alƙaluman gidan buga kuɗi sun tarar ba a ƙara bugu a 1978 da 1979 ba, raguwa ma ya yi. Ni na fi gamsuwa da su. Duk wanda ya taɓa riƙe shago ya sani, cinikin yau gobe yana banki ko hannun mai canji. Akwatin wasa ba ya haɗiye sule, mai shi buɗewa yake ya kwashe.

Daga nan sai wasan Galaxian da ya bi sahunsa a 1979, kamfanin Atari ya kai Space Invaders gidaje a 1980, wasan Galaga ya biyo a 1981, sai kasetocin nan masu alƙawarin wasa ɗaruruwa da ake jonawa da talabijin. A 2013 gidan adana fasahar zamani na New York ya saka Space Invaders cikin kayansa.

Zanensa dai ya tsufa, babu musu. Yaran shagunan gem na Badarawa da Unguwar Shanu, da suka saba da ƙwallon PlayStation, dariya za su fara yi masa. Amma a miƙa wa ɗayansu, a jira har dodanni su rage uku, a ga ko zai yarda ya ba na kusa da shi.