Daga Dandaƙar Bunsuru Zuwa Gwajin Jini

Ka taɓa lura da yadda bunsuru ke lafawa bayan dandaƙa? Makiyayan Shanga da Yawuri sun daɗe da sanin haka, dalilin ne ya ɓuya.

A 1849, Bajamushe Arnold Berthold ya dasa wa fiɗiyayyun zakaru 'ya'yan maraina, sai ga su suna cara da faɗa. A 1935 aka ware sinadarin a Amsterdam, aka kira shi testosteron. Wajajen 1960 Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ƙirƙiro dabarar auna irin waɗannan sinadarai a jini.

Ƙarancinsa na raunana ƙashi da sha'awa, shan sa barkatai kuma na rage ƙwayoyin maniyyi. To, kafin ka sayi maganin ƙarfin maza, je a auna jininka da safe, lokacin da sinadarin ya fi yawa.