Sati: Rana Ɗaya da ta Haɗiye Sauran Shida

A Gure, ƙasar Mangawa da ke gabas da Damagaram, Faransanci ake karantarwa a lakwal, amma ɗan kasuwa zai ce maka, "Ka dawo sati mai zuwa." Kalmar kuwa ta Ingilishi ce. Daga sunan ranar Asabar a bakin Turawan Ingila, Satade, Bahaushe ya gutsuro ta. Su ma Ingilishin aro suka yi wurin Rumawa, waɗanda suka laƙaba wa ranar sunan gunkinsu Saturn, wanda kuma aka sa wa wata duniyar sama.

Yadda rana guda ta koma kwana bakwai, sai a duba aikin lebura na zamanin Turawa, irin na shimfiɗa dogo da ya kai Kano a 1911 da haƙar kuza a Jos. Ran Sati ake biya. Mai jiran kuɗinsa daga Sati zuwa Sati yake lissafi, har sunan ya mamaye tsakanin. Fatake da 'yan cirani suka tsallaka iyaka da kalmar har Gure.

Yau ma'anonin biyu na zaune tare. Ka ce "ran Sati", Asabar kake nufi. Ka ce "sati biyu", kwana goma sha huɗu ke nan. Masu labarai a rediyo sun fi son "mako", wai ya fi zama Hausa tsantsa, tsofaffi kuma har yanzu sukan ce "bakwai biyu". A ganina "mako" ya fi daɗi a rubuce, amma mai bin ka bashi "sati" zai ce.