Jiragen Yaƙin Hitila da Suka Faɗi a Hanyar Takoradi: Ina Ake Samun Labarinsu?

'Yan'uwa mazauna Kurmi, da yawa cikinmu sun sha jin tsofaffi suna cewa, "Ai a zamanin Yaƙin Hitila jirgi ya taɓa faɗuwa a dajin garinmu." In ka ce wane jirgi, wace shekara, sai magana ta tsaya. To, irin wannan labari yana da asali, kuma akwai takardun da ake bi a tabbatar da shi.

A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, sai hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga Ingila. Ga shi kuma tana da soja a Masar masu bukatar jiragen sama. Dabarar da aka yi ita ce a ɗauko jiragen a cikin akwatuna ta teku, a sauke su a Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su zango-zango: Ikko, Kano, Maiduguri, Fallomi, Janaina, Fashir, Hartum, har Masar. Hanyar ta yiwu ne don Gwamna Félix Éboué na Cadi ya bi Janar de Gaulle a watan Agusta na 1940. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na shekarar, kuma ya zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan.

Tafiya ce irin ta fatake, har da madugu. Ƙananan jirage irin su Hurricane mutum ɗaya suke ɗauka, ba mai duba masa taswira, saboda haka sai a sa babban jirgi Blenheim a gaba, sauran su bi shi. In hazo ya rufe sama, ko guguwa ta taso, wanda madugu ya ɓace masa ya shiga uku. Wani mai ne zai ƙare masa, wani yashi ya ci injinsa. Abokan gaba ma sun taɓa kawo hari: a watan Janairu na 1942 wani jirgin Jamus ya ratso Sahara ya jefa bam a Fallomi, ya ƙone man jirage. A hanyar komawa shi ma mai ya ƙare masa, ya sauka a hamada.

Yanzu ta yaya ake binciken? Kowane jirgi yana da lamba, kamar lambar mota, kuma ita ce mabuɗin komai. Sojan sama na Ingila suna da kati da ake kira Fom 78, mai nuna duk inda aka kai jirgi tun daga masana'anta har ranar da aka soke shi daga lissafi. Akwai kuma Fom 1180, katin haɗari, mai ɗauke da kwanan wata, da sunan matuƙi, da abin da ake ganin ya jawo haɗarin. Ana samun waɗannan a gidan tarihin sojan sama da ke Hendon, Landan. Littafin aikin yau da kullum na kowace runduna, Fom 540, yana ma'ajiyar takardun gwamnati a Kew. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel kuma ta sa sunayen mamata a intanet, da muƙami da ranar mutuwa da inda aka binne mutum. Maƙabartar Yaba a Ikko tana cikin lissafinta. Mai bincike sai ya jera waɗannan ya ga ko sun dace, kamar yadda ɗan kasuwa ke gwada rasit da littafin shago.

Amma fa takarda ma tana kuskure. A ranar 4 ga Afrilu, 1943, wani jirgin Amurka mai suna Lady Be Good ya tashi daga Libiya da mutum 9 don kai hari birnin Naples, bai dawo ba. Aka ɗauka teku ya faɗa. Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango shi a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 700 daga gaɓar teku. Ashe ya wuce sansaninsa ne cikin dare. A 1960 aka gano gawarwakin mutum 8, tare da ɗan littafin da ɗayansu ya riƙa rubuta kwanakin da suka yi cikin ƙishirwa. Shekara 15 ke nan ana neman labari a ruwa, alhali yana kan tudu.

Nan ne namu aikin yake. Katin Bature zai ba ka sunan matuƙi, amma da wuya ya ambaci manomin da ya fara isa wurin, ko leburorin da suka share filin jirgi, kuma sunan ƙauye sau da yawa yakan fito a karkace. Waɗanda suka gani da ido sun kusa ƙarewa, sai 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu. In ka je gida, zauna da su ka tambaya: da damina ne ko da hunturu? Wane ne hakimi a lokacin? Mutum nawa aka fitar, da rai ko babu? Rubuta amsar yadda aka faɗa, kada ka gyara. Sunan hakimi zai taƙaita maka shekarun, lokacin shekara ya nuna watannin, daga nan sai a duba rahotannin Di'o da Razdan a ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, a nemi lambar jirgin. Mu da muke kai da kawowa tsakanin Arewa da Kurmi ba mu da uzurin barin wannan ya salwanta.