Malamin da Ya Ƙi Miƙa Wuya: Döllinger da Majalisar Batikan ta 1870

Maƙalar wannan mako za ta kai mu Turai ne, kan wata tambaya da ta daɗe tana damun mabiya ɗarikar Katolika: idan Ikkilisiya ta yanke hukunci a kan aƙida, shin mutum yana da damar fassara shi yadda iliminsa ya nuna masa? Rayuwar wani malami Bajamushe ta ba da amsa mai ɗaci.

Sunansa Ignaz von Döllinger. An haife shi a 1799, limamin coci ne, kuma farfesan tarihin Ikkilisiya a Jami'ar Munik. A zamaninsa da wuya a samu Bakatolike da ya kai shi sanin wannan fanni, ya kuma kwashe shekaru yana kare ɗarikarsa da alƙalami.

A watan Disamba na 1869 Fafaroma Pius na Tara ya buɗe Majalisar Batikan ta Farko a birnin Rum. Batun da ya fi ɗaukar hankali shi ne a tabbatar cewa Fafaroma ba ya kuskure. Ba a nufin ba ya zunubi, ko duk abin da ya fito daga bakinsa gaskiya ne. Sharuɗɗa ne uku: ya yi magana a matsayinsa na makiyayin dukan Kiristoci, a kan bangaskiya ko ɗabi'a, da niyyar ɗaure Ikkilisiya gaba ɗaya.

Döllinger ya ce tarihi bai goyi bayan haka ba. Tun kafin a zauna, shi da wasu abokansa suka fitar da littafi da sunan aro, wato Janus. Cikin hujjojin masu adawa har da Fafaroma Honorius na Ɗaya, wanda majalisar da ta zauna a Kustantiniya a 680 zuwa 681 ta la'anta bayan mutuwarsa saboda karkata a aƙida. In an taɓa la'antar Fafaroma a kan aƙida, ta yaya za a ce ba ya kuskure? Masu goyon baya suka amsa cewa wasiƙa ce kawai Honorius ya rubuta, bai yanke hukuncin da ya cika sharuɗɗan ba.

A ƙuri'ar gwaji ta 13 ga Yuli 1870, bishop 88 suka ce a'a. Da ranar ƙarshe ta matso, da yawa daga cikinsu suka tattara nasu ya nasu suka bar Rum, don kada su saɓa wa Fafaroma a gaban idonsa. Ranar 18 ga Yuli aka samu 533 a kan 2, su biyun ma nan take suka miƙa wuya. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, har da Bishop Hefele, masanin tarihin majalisu, wanda ya yi rubutu a kan batun Honorius.

Sai aka juyo kan Döllinger. Babban bishop na Munik ya nemi ya amince. A watan Maris na 1871 ya rubuta masa cewa ba zai iya ba, ko a matsayin Kirista, ko masanin tauhidi, ko masanin tarihi, ko ɗan ƙasa. A watan Afrilu aka fitar da shi daga Ikkilisiya, yana da shekara 72.

Abin da ya yi daga nan shi ya fi jan hankalina. Ya daina jagorantar sujada kamar yadda hukuncin ya tanada. Wasu masu ra'ayinsa sun ɓalle sun kafa cocin Tsofaffin Katolika, ya ba su shawara, amma bai shiga cikinsu a hukumance ba. An yi ta lallashinsa ya janye, ya ƙi, har ya rasu a 1890.

To ina amsar tambayarmu? A tsarin Katolika koyarwa hawa-hawa ce. Aƙidar da aka yanke, babu mai ikon ƙin ta ya ci gaba da koyarwa da sunan Ikkilisiya. Amma akwai sarari wajen tantance iyakarta. A 1875 John Henry Newman na Ingila ya karɓi hukuncin, sai dai ya fassara shi a taƙaice, ya kuma jaddada matsayin lamiri. Shi aka yi masa Kadinal a 1879. Döllinger ya ce hukuncin kuskure ne, Newman ya ce daidai ne amma ga inda ya tsaya. Wannan 'yar tazarar ce ta raba makomarsu. Tun daga lokacin kuwa, misalin da kowa ya yarda an yi amfani da wannan iko shi ne na 1950, lokacin da Pius na Goma Sha Biyu ya ayyana ɗauke Maryamu zuwa sama.

Mu da ke son rubuta tarihi, wata rana takardun da ke gabanmu za su saɓa wa abin da manyanmu ke so a faɗa. Döllinger ya fara da sunan aro, amma da aka zo ranar biyan farashi, sunansa na gaskiya ya sa a ƙasan wasiƙar. Ku faɗa mana a sharhi: shi da Hefele, wa ya fi cika amanar ilimi?

Allah ya sa mu dace.