Daga Gashin Doki Zuwa Bututun Cikin Ido

'Yan uwa marubuta, sau da yawa a littattafanmu akan kai makaho asibiti, a kwance masa bandeji, sai ga shi yana gani. Wannan labarin yanar ido ne. Gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, tata hanyar daban ce: ruwan cikin ido ke rasa mafita, ya danne jijiyar gani har ta mutu, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Aikin da ake yi na ceto ragowar ne kawai. Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya sa ta ta biyu bayan yana a Najeriya.

Neman yi wa ruwan magudana ya daɗe. A farkon ƙarni na 20 wani likitan Faransa, Rollet, ya zura gashin doki a ido. A 1912 Zorab ya gwada zaren siliki. Duk tabo ya toshe su.

Anthony Molteno na Afirka ta Kudu ne ya fito da siririn bututu mai faifai a 1969, sai matsalar ta juya: ruwa ya riƙa zuba fiye da kima, ido ya yi laushi. Dabarar da aka samo ita ce ɗaure bututun da zare mai narkewa, ya buɗe bayan kamar mako shida, lokacin da nama ya rufe faifan. A 1993 na Ahmed ya zo da 'yar murfi mai taƙaita ruwan. Shi kuma sau da yawa naman da ke kansa yakan yi kauri bayan makonni, hawan ya dawo, a koma ga maganin ɗigawa. Wani bututun yakan goge baƙin ido, wani ya huda fatar da ta rufe shi, ƙwayar cuta ta samu ƙofa.

Kano ba baƙuwar aikin ido ba ce, asibitin ido na ECWA a Sabon Gari tun 1943 yake. Amma dukan matsalolin nan a zuwa duba likita ake kama su. Ma'aikacin kamfani a Sharada ko Challawa mai kwana a Dorayi, kowane zuwa asibiti kuɗin yini guda ne ya tafi, ga kuɗin Adaidaita. Idon kuma ba ya ciwo, balle ya tuna masa ranar komawa.