Zafi da Hazo a Sararin Kano

Duk wanda ya shigo aikin jiragen sama a Kano, da labarin 1925 ake fara yi masa karatu. A watan Nuwamban shekarar ne jirage uku na sojojin saman Ingila, waɗanda suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a filin da Turawa ke wasan dawaki. Zuwa 1936 jiragen Imperial Airways sun fara zirga-zirga daga Khartoum, daga baya Kano ta zama zango inda masu ƙetare Sahara ke tsayawa shan mai.

Sauran karatun na sararin garin ne, kuma da rayuka aka biya kuɗinsa. A Yunin 1956 guguwar hadari ta kayar da jirgin BOAC jim kaɗan da tashinsa. A Janairun 1973, lokacin hazo, jirgin alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Na 4 ga Mayun 2002 kuwa mutanen Gwammaja ba sa buƙatar a tuna musu: da tsakar rana wani jirgi ya zarce titin tashi, ya kasa ɗagawa sosai, ya faɗa kan gidaje. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Shi ya sa nake jinjina kai in wani mai kuɗi ya ce, "Malam, me zai hana mu sayo jirgi mai saukar ungulu mu riƙa yawo da baƙi su ga Dala da Goron Dutse da badala daga sama?" Abin sha'awa ne, ba musu. Sai dai filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan tudu mai tsayin kusan mita 480, kuma in zafin Afrilu ya kai digiri 40 iska takan yi shara-shara, injin ya ji kamar yana mita 1,500, sama da Jos. Farfela ta yi ta juyawa, ƙarfin ɗagawa ya ragu. Dole a zaɓa: ko a rage mai, ko a sauke fasinja.

Da hunturu kuma ƙurar Bodele ta Chadi ce ke rufe gari. Tana cin bakin farfela a hankali, tana toshe matatar iska. Wajen sauka a fili marar kwalta, jirgin da kansa yake tayar da ƙurar da za ta rufe wa matuƙi ido, saura taku kaɗan ya taɓa ƙasa.

Babbar matsalar ita ce cikin birnin kansa. Idan injin ya mutu a saman kasuwar Kurmi, ina za ka sauka? Lungu ne da rufin kwano da wayoyin lantarki, ga shirwa tana shawagi. Wanda ya nace sai ya yi, to ya tashi da sanyin safiya, ya bi gefen ganuwa ta inda yake hango fili, ya dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Fasinja biyu ko uku a irin wannan ɗan lokacin da wuya su fitar da kuɗin mai da na kanikawa.