Daga Majigi Zuwa Wayar Hannu

Da aka ce kowacce ta kawo abin da za a sa a takardar bikin ƙungiyarmu na bana, sai na zaɓi tarihin kallo, yadda ya taso daga dandali har ya shigo ƙarƙashin bargon 'ya'yanmu. Kun dai sani, duk taron da muka yi, da an gama lissafin adashe sai maganar yara da waya.

Kallon farko da mutanen karkara suka sani shi ne majigi. Tun zamanin Turawa mota ce ke zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko dagaci bayan magariba, a nuna fim ɗin noma ko tsafta, irin su Baban Larai. Yaro na zaune a gaba, babansa na tsaye a baya, abin da ɗan ya gani uban ya gani. In motar ta tafi sai a yi watanni ba a sake ganin ta ba, yara su koma gaɗa da langa da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Sai talabijin. Gwamna Abubakar Rimi, wanda ya mulki Kano daga 1979 zuwa 1983, shi ya kafa CTV, wadda yanzu ake kira ARTV. Shi ne kuma ya kafa hukumar ilimin manya a 1980, Allah ya jiƙansa, ta irin wannan aji na iya riƙe biro. A lokacin tasha da yamma take buɗewa, dare ya yi ta rufe. A ƙauye kuwa akwatin bai wuce gida ɗaya ko biyu ba, shi ma da batirin mota. Uwa ta san inda ɗanta yake in ana Samanja, ta san lokacin da zai dawo.

Kaset ne ya fara kawo rigima. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan fina-finan Hausa suka yi ta fitowa. Mu da muka yi tashen ƙuruciya a lokacin Sangaya mun san yadda waƙar fim ta kori waƙar gaɗa daga bakin 'yan mata. Masu janareto suka buɗe gidajen kallo, yara suka fara tsakurar kuɗin talla don su shiga. Malamai suka yi wa'azi, iyaye suka yi kuka, har a 2001 gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. To amma ko a lokacin kallo yana da ƙofa. Uba zai iya tsayawa a bakinta ya kira ɗansa, mai unguwa zai iya sa a kashe janareto.

Abin mamaki, a wannan shekara ta 2001 da aka yi wa kaset shinge, a cikinta wayar salula ta shigo Najeriya. Da farko ta masu kuɗi ce, kira kawai ake yi da ita. A 2007 ne mutanen Kano suka farga, lokacin da wani bidiyon rashin kunya da aka ɗauka da waya ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Gwamnati ta dakatar da shirya fim na watanni, ta tsananta doka, amma wanda ya riga ya shiga aljihun mutane ba hukumar da ta iya tace shi.

Sauran kun gani da idonku. Masu cajin waya a bakin kasuwa suka koma tura fim a memori, Indiya-Hausa da waƙoƙi, kan kuɗi kaɗan. Daga baya YouTube da TikTok suka zo. A 2020 da korona ta rufe makarantu aka ce yara su bi darasi ta rediyo da talabijin, gidaje da yawa suka miƙa wa yara waya don karatu. An buɗe makarantu, wayar ba ta dawo hannun iyaye ba.

Ni dai ba na cikin masu cewa a fasa waya. Da ita nake jin farashin tumatir da albasa kafin in tafi fadamar Watari sari, da ita ake turo mini kuɗi, kuma akwai karatun Alƙur'ani a ciki. Abin da ke damuna shi ne ita ba ta rufewa kamar tasha, ba ta da ƙofa kamar gidan kallo. Yaro ya kwana yana dannawa, asuba ta wuce shi, a makarantar allo yana gyangyaɗi, a boko ma haka. Yarinya ta dawo daga talla ciniki bai cika ba, ashe an yi turi. Jarinmu ne fa ke tafiya nan, wani ma bashin ƙungiya ne.

Sannan mu iyaye mata, sau nawa ake miƙa wa ɗan goye waya don ya yi shiru a gama suya? A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a ba yaron da bai kai shekara 2 ba kallo, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Wasu a cikinmu sun dawo da tsarin da. Akwai wadda waya ke kwana a ɗakinta, da an yi isha'i kowa ya kawo tasa. Akwai wadda ta ce kallo sai a tsakar gida kan tabarma, da ita a wurin, bayan an dawo daga Islamiyya. Wata kuma ita ke kai caji da kanta, ita ke sayen data, ba ta ba yaro kuɗin. Duka da ƙwace dai mun gani, yaro gidan abokinsa yake komawa ya kalla a can.

Wadda ba ta iya karatu ba, ɗanta zai ce mata wa'azi ne a memorin, ta yarda. Na roƙi shugabarmu a sa wannan magana a taron wata mai zuwa, kowacce ta zo da wayar gidanta, mu da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci mu nuna yadda ake buɗe ta a karanta sunayen abin da ke ciki.